Cinikin Biri A Sama: Ɗan Yayata Zai Kafa Tunga A Amurka

Kwanakin baya da daddare, na gama cin tuwo ke nan ina shirin komawa kan wani rubutu da na bari a tsakiya, sai ga kira ta WhatsApp daga ɗan yayata da ke zaune a birnin Atlanta na ƙasar Amurka. Shekararsa tara a can, tuƙin tirela yake yi, yana da mata da 'ya'ya biyu. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba sai ya ce, "Kawu, albishirinka." Na ce, "Goro fari." Ya ce, "Na samu gona. Eka biyar cur, dala dubu shida kacal, kuma ko kaɗan-kaɗan mutum zai biya suna karɓa. Wallahi Kawu na gaji da kuɗin haya, na gaji da kwana a cikin mota. Kwashe iyalina zan yi mu koma can, in kafa sola, in haƙa rijiya, in zuba awaki da kaji, mu riƙa cin abin da muka noma da hannunmu."

Kafin in ce uffan hotuna sun fara shigowa. Fili ne shimfiɗaɗɗe fetal har iyakar ganinka, sama garau, can nesa ga wani dutse ya sha rawanin dusar ƙanƙara. Gaskiya wuri ya yi kyau, ko ni da nake zaune a Kano sai da na ji ina ma a ce. Na ce masa, "To ɗana, ka je ka taka wurin da ƙafarka?" Ya ce, "Haba Kawu, ai nan ba kamar gida ba ne, komai a rubuce yake. Ga lambar fili, ga taswira a intanet." Na ce, "Maƙwabtan filin me suke shukawa?" Ya yi jim, can ya ce shi dai a hoton bai ga maƙwabta ba.

Washegari da sassafe uwarsa ta aiko a kira ni. Ta ce, "Kai ne mai karance-karance a gidan nan, ka yi wa ɗanka magana, kada ya je ya zubar da guminsa na shekara da shekaru a daji." Ni ba malamin gona ba ne, karatuna bai wuce sakandare ba. Amma maganar Yaya ba ta faɗuwa ƙasa, don haka na yi makonni ina bin diddigin wannan wuri. Abin da na gano shi ya sa na ga bai kamata in bar zancen tsakanina da shi kaɗai ba, domin na tabbata ba shi kaɗai ne ɗan Hausa a ƙetare da ke kwana yana tashi da irin wannan buri ba.

Bari in fara wanke shi, mai karatu, kada ka ɗauka wawa ne. Abin da yake so ya yi kakanninmu sun yi, sunansa kafa tunga. Mutum ya ga gandun gidansu ya yi masa kaɗan, ya ɗauki gatari da iyalinsa ya nausa daji, ya sari gona, ya kafa bukka, bayan shekaru sai ka ji ana cewa Tungar Wane ko Gidan Wane. A Amurka ma akwai dubban mutanen birni da suke sayar da komai su koma karkara don su ci da kansu, wasu har bidiyo suke ɗauka suna nuna wa duniya yadda suke tatsar akuya. Mu marubuta ma da laifinmu a wannan harka. Sau nawa muka karya jarumi a birni, muka kai shi ƙauye, cikin babi biyu ya noma masara tirela goma ya dawo ya auri 'yar Alhaji? Ban taɓa karanta littafin da jarumin ya tsaya ya tambayi zurfin rijiyar garin ba, har da nawa littattafan kuwa.

To ra'ayina a taƙaice shi ne, idan za a auna ko wata karkara ta dace mutum ya kafa gida ya rayu da noma, arahar fili ita ce shaida ta farko da za a gabatar a kan wurin, kuma shaida ce ta tuhuma. Fili ba ya araha banza. Akwai manoma kusa da shi, masu tarakta da kuɗi a banki, waɗanda aka haife su suna kallonsa. Idan su sun bar shi har labarinsa ya iso wa direban tirela a Atlanta, to akwai abin da suka sani. Aikin mai saye shi ne ya gano wannan abin kafin kuɗinsa su bar aljihu.

Filin da aka tallata wa ɗan yayata yana cikin gundumar Costilla, ana furta ta Kostiya, a kudancin jihar Kolorado, kan iyaka da jihar New Mexico. Gunduma a can kamar ƙaramar hukuma ce a nan, tana da hedikwata da masu karɓar haraji da dokokinta na gini. Wannan tana cikin wani makeken kwari da ake kira San Luis, duwatsu sun kewaye shi. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 3,000, amma a ƙidayar 2020 mutanenta ba su kai 4,000 ba, wato unguwa guda a Kano ta ninka su. Tana kuma cikin gundumomi mafi talauci a jihar. A shekarun 1970 wasu kamfanonin dillancin ƙasa suka sayi dajin, suka yayyanka shi eka biyar-biyar har dubbai, suka sa gireda ta zana tituna a kan turɓaya, suka riƙa talla a jaridu da mujallu. Mutane daga nesa suka yi ta saye ta gidan waya ba tare da sun gani ba. Yau shekara hamsin ke nan, yawancin filayen ko bukka babu. Wani ya mutu magada ba su ma san da filin ba, wani ya daina biyan haraji hukuma ta yi gwanjonsa, wani dillalin ya saya ya sake sa shi a kasuwa. Filin da yaron nan yake cewa ya yi tsintuwa, Allah kaɗai Ya san hannu nawa ya ratsa.

Yanzu mu zo kan ruwa, don a nan gizo yake saƙar. A tsakiyar wannan kwari ruwan da ke sauka a shekara, a haɗa har da dusar ƙanƙara, da ƙyar yake kaiwa milimita 200. Kano takan samu wajen milimita 800 ko fiye. Damagaram da Tawa da muke ce wa ƙasar fari, duk sun fi wurin nan samun ruwan sama nesa ba kusa ba. Hamada ce, sai dai mai sanyi. Abin da ke tsirowa a filayen nan wasu 'yan gajerun itatuwa ne masu kama da sabara, sai ciyawa tsilli-tsilli.

Da na faɗa masa haka sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, ashe ba ka gama bincike ba. Kwarin nan fa ya shahara da noman dankalin Turawa, har ni na taɓa ɗauko lodinsa." Gaskiyarsa. Ana noma dankali da sha'ir da ciyawar dabbobi a kwarin, noma kuwa na gaske. Amma duk na ban-ruwa ne. Ƙanƙarar da ke kan duwatsu ita ke narkewa ta gangaro cikin rafuka da kogin Rio Grande, wani kuma a zuƙo shi daga ƙarƙashin ƙasa. Kuma kowane ɗigo yana da mai shi a rubuce. Wannan shi ne abin da Bahaushe zai sha wuyar fahimta, domin mu a wurinmu wanda ya mallaki gona a bakin rafi ya mallaki damar jan ruwa, in ka ga dama ka buga rijiyar burtsatse a gonarka babu mai ce maka don me. A Kolorado fili daban, haƙƙin ruwa daban, ana iya sayar maka da ɗaya a riƙe ɗaya. Dokarsu kuma ta fifita wanda ya riga fara amfani da ruwan. In shekara ta yi ƙarancin ruwa, na farko sai ya sha ya ƙoshi kafin na biyu ya ɗanɗana, na ƙarshe kuwa a rufe masa bakin hanyar ruwansa ko da shukarsa tana ƙonewa.

Kuma ka san wane ne na farko a duk faɗin jihar? Mutanen wannan gunduma ce ta Costilla. Wasu manoma masu jin Sifaniyanci da suka hauro daga New Mexico su suka kafa garin San Luis a 1851, shi ne gari mafi tsufa a Kolorado. Hanyar ruwan da suka haƙa da hannu tana riƙe da haƙƙin ruwa tun na 1852, alhali ita kanta Kolorado sai a 1876 ta zama jiha. Har yau jikokinsu suna da mai kula da rabon ruwa, kamar sarkin rafi a wurinmu, kuma kowace shekara kafin shuka sukan fito gayya su yashe hanyar. To a wannan layin ne ɗan yayata zai zo ya tsaya, a bayan mutanen da suka kama wuri shekara 170 da suka wuce. Filinsa ma ba a bakin hanyar ruwan yake ba.

Saura rijiya. A dokar jihar sai da izinin hukumar ruwa ake haƙa rijiya, kuma galibi idan fili bai kai eka 35 ba, izinin da ake bayarwa na amfanin cikin gida ne kawai, wato sha da girki da wanka da wanki. Ba a yarda ka ba lambu ruwa da ita ba, ba a yarda ka shayar da dabbobi ba. Eka biyar ke gare shi. Ke nan awakin da yake lissafi da tumatirin da matarsa za ta shuka duk sun faɗi tun a takarda. Na ce to ko ruwan sama zai tara daga rufin ɗaki? Ashe kafin 2016 yawancin gidaje a jihar ko wannan ba su da ikon yi, wai ruwan na masu haƙƙi ne da ke gangare. Dokar 2016 ta sassauta, ta yarda gida ya ajiye mazubi biyu, jimillarsu galan 110, kusan duro biyu namu ke nan. Sai na ɗauki biro na yi masa lissafin ɗan sakandare. Eka ɗaya murabba'in mita 4,000 ce da 'yan kai. In amfanin gona yana buƙatar ruwa milimita 500 kafin ya nuna, lita miliyan biyu ke nan, duro dubu goma a eka ɗaya tak. Na ce masa ɗana, ga duro dubu goma, ga duro biyu. Yawancin waɗanda suka daure suka zauna a filayen nan tanki suke ɗorawa a bayan mota su je gari su sayo ruwa, irin yadda muke yi da 'yan garuwa, sai dai su tafiyar kilomitoci ce.

Wannan yaudara ba yau aka fara ta a Amurka ba, tsohuwar sana'a ce. A 1862 shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar rabon gonaki. Duk magidanci, ko wanda ya kai shekara 21, mace ko namiji, zai iya kama eka 160, ya biya dala 18 na takardu, ya gina ɗaki ya zauna yana noma shekara biyar, ƙasa ta zama tasa halak malak. Mutum wajen miliyan 1.6 suka mallaki gonaki ta wannan hanya kafin a soke dokar a 1976, a Alaska kuma ta kai har 1986. Don haka duk wanda ya ce maka yau gwamnatin Amurka tana raba gona kyauta a ƙarƙashin wannan doka, labarin ƙanzon kurege ne. A gabashin ƙasar inda ruwa yake, eka 160 ta ishi iyali. Da aka nausa yamma sai lissafi ya canja. Wani masanin ƙasa mai suna John Wesley Powell, tsohon soja da ya rasa hannu ɗaya a yaƙin basasarsu, ya kai wa majalisa rahoto a 1878. Ya nuna cewa daga wajen layin da masu taswira ke kira digiri na 100 zuwa yamma, ruwan shekara ba ya kaiwa inci 20, wato milimita 500, kuma noma ba zai ɗore a can ba sai da ban-ruwa. Ya ba da shawarar in kiwo za a yi, a ba iyali eka 2,560. 'Yan siyasa da kamfanonin jirgin ƙasa ba su so jin haka ba, su mutane suke so a cika musu daji. Har aka samu masu da'awar cewa huɗa ita ke jawo ruwan sama, wai da zarar an sa garma a ƙasa hadari zai biyo baya. Daga baya dai aka ƙara rabon zuwa eka 320 a 1909, sannan 640 a 1916, alamar an fara yarda da maganar mai hannu ɗaya ba tare da an ce ya yi gaskiya ba. Ka duba fa, eka 640 ake ganin ta kiwo a irin wannan ƙasa, shi kuwa nawa ɗan biyar zai saya.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gundumar Cimarron a jihar Okalahoma, wadda ta yi iyaka da Kolorado. A 1908 wasu dillalai suka buga takardun talla na wani gari mai suna Boise City, da zanen itatuwa da tituna da rijiya mai ɓulɓulo da ruwa da hanyar jirgi. Suka sayar da filaye wajen 3,000. Masu saye suka ɗauro kaya suka zo, babu itace, babu titi, sai iska. Biyu daga cikin dillalan sai da suka yi zaman gidan yari. Amma wasu daga masu sayen suka ce tunda mun zo mun zo, suka zauna. Aka yi sa'ar shekaru masu ruwa, alkama ta yi daraja, tarakta ta shigo, aka kwance ciyawar da ke riƙe da ƙasar tun fil azal. Da fari ya sauka a shekarun 1930, ƙasar ta tashi sama. Ranar 14 ga Afrilu, 1935, guguwar ƙura ta mayar da rana dare a yankin, har yau suna kiranta Baƙar Lahadi. Dabbobi suka mutu da turɓaya a ciki, yara suka kamu da ciwon huhu. Gundumar da ke da mutum fiye da 5,000 a 1930, a ƙidayar 2020 ba ta kai 2,500 ba.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, shekara mai albarka maƙaryaciyar shaida ce a kan ƙasa. Mutanenmu na Nijar sun san wannan a jikinsu. A shekarun 1950 damina ta yi ta kyau, manoma suka yi ta turawa arewa suna sara a ƙasar makiyaya, har gwamnati ta kafa doka a 1961 ta shata iyakar da noma zai tsaya daga arewa. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka nuna wa kowa inda iyakar take a zahiri. Duk wanda zai auna wata karkara, ya nemi labarin shekararta mafi muni a cikin talatin ko arba'in da suka wuce, ya tambayi kansa ko shi da iyalinsa za su iya ƙetare irinta.

Ni kaina ba tsira na yi ba, shi ya sa ba na yi wa yaron nan dariya. Shekarun baya da wani littafina ya ɗan karɓu, wani dillali ya kai ni wani ƙauye a cikin watan Agusta, ko'ina kore shar, dawa ta fi ni tsawo a gonar maƙwabci. Na biya a ranar. Da rani na koma na tarar rabin gonar fako ne, ɗaya gefen kuma tsohon burtali ne da kowa a garin ya sani ban da ni. Wani tsoho da ke zaune a gindin tsamiya ya ce mini, "Malam, ai da ka tambaye mu." Ban tambaye su ba, don dillalin ya ce in na tsaya surutu wani Alhaji zai riga ni. Da asara na rabu da ita.

Bayan ruwa sai sanyi. Kwarin San Luis yana kan tudu mai tsawon wajen mita 2,300 daga teku, kusan ninki biyu na Jos. Lokacin da shuka za ta rayu a fili ba tare da sanyi ya ƙone ta ba bai wuce kamar wata uku ba, kuma da hunturu awon sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili. Gero da dawa da kuɓewa da yake mafarki, sai dai a hoto. Itacen da zai hura ya ji ɗumi kuma babu shi a filin, sai ya saya. Daga garin San Luis zuwa Alamosa inda babban asibitin yankin yake, tafiyar kusan kilomita 65 ce, daga cikin filayen kuma sai ka fara cin turɓaya ko taɓo kafin ka hau kwalta. Na ce masa, gona ba za ta ciyar da ku a shekarar farko ba, ko ta biyu, dole ka ci gaba da tuƙi. Ke nan za ka bar 'yar mutane da yara biyu a tsakiyar daji cikin ƙanƙara, kai kana can wata jihar da lodi. In zazzaɓi ya kama ƙaramin da tsakar dare fa? Wannan tambaya ce ta sa na ji muryarsa ta sauya.

Sai kuma hukuma. Yana ganin tunda filinsa ne, yau ya saya gobe ya kafa tanti. A 2015 an yi ta-ta-ɓurza a wannan gunduma tsakanin hukuma da baƙin da suka sayi irin waɗannan filaye, saboda hukumar ta tsaurara cewa ba a zama a tanti ko a mota a fili fiye da mako biyu sai da izini, kuma ba a ba da izinin zama sai an yi ramin masai irin wanda doka ta amince da shi. Mutanen da suka ƙarar da kuɗinsu wajen sayen fili suka wayi gari ba su da ikon kwana a cikinsa. Wata gundumar a wata jihar ba ruwanta da abin da ka gina, wata kuma sai ta ƙidaya maka tagogi. Shi ya sa ofishin gunduma yake gaba da ofishin dillali a jerin wuraren da mai saye zai fara zuwa. A can ne kuma zai gano ko filin yana da hanyar shiga ta doka, ko sai an ratsa ta gonar wani, da ko akwai tsohon bashin haraji a kansa.

Akwai kuma maganar mutane, wadda taswira ba ta nunawa. Babu ƙasar da ba ta da masu ita. Kafin Turawa da masu jin Sifaniyanci, kwarin nan na ƙabilar Ute ne, aka kore su. Sannan a 1960 wani attajirin katako daga wata jiha ya sayi dutsen da ke bayan garin San Luis, eka wajen 77,000, ya kewaye shi da waya, alhali a nan mutanen garin suke kiwo suna yin itace tun kakanninsu. Aka yi ta rikici, aka shiga kotu, sai a 2002 babbar kotun jihar ta mayar wa magadan mazauna na asali damarsu ta kiwo da itace. Mutanen da suka sha irin wannan gwagwarmaya da baƙo mai takarda, kada ka yi tsammanin za su tarbi sabon baƙo da guɗa. Ba mugunta ba ce, sun ga jiya. Kuma Bahaushe ba ya rayuwa shi kaɗai kamar mujiya. Wa zai taya ka suna, wa zai taya ka zaman makoki, wa zai ara maka tarakta ranar da taka ta lalace? 'Yan ɗariƙar Amish, waɗanda aka sani da noma da dawaki, sun shigo wani ɓangare na wannan kwari tun farkon shekarun 2000 kuma sun zauna da gindinsu. Amma su a ƙungiya suka zo, gida-gida, noma gadonsu ne, kuma inda ake ban-ruwa suka nufa.

Don kada in yi masa rashin adalci, yaron ya kawo hujjar da ban iya turewa gaba ɗaya ba. Ya ce, "Kawu, duk da haka akwai mutane a wurin, kuma ba su mutu ba." Haka ne. Wani ɗan jarida mai suna Ted Conover ya zauna a cikinsu, har ya sayi nasa eka biyar, ya fitar da littafi a kansu a 2022. Akwai tsofaffin sojoji, akwai masu ɗan fansho, akwai waɗanda haya ta kora daga birni, akwai masu gudun jama'a. Ga wanda yake da ɗan kuɗin da ke shigo masa duk wata, ba shi da ƙananan yara, kuma abin da yake nema shi ne inda mai gida ba zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ba, wurin nan yana iya zama rufin asiri, ban isa in raina masa ba. Sai dai wannan mafaka ce. Shi ɗan yayata gona ya ce mini zai saya, wadda za ta ciyar da mutum huɗu. Wuri guda yana iya cin jarrabawar farko ya faɗi ta biyu, kuma dillali ba zai taɓa tambayarka wacce kake nufi ba. In da gaske noma yake so, a gabashin ƙasar akwai karkarar da ruwan sama ya wadata, ciyawa take fitowa da kanta, har a jihar Jojiya da yake zaune. Da na faɗi haka ya ce ai can eka ɗaya ma ta fi ƙarfin abin da ya tara. Na ce to ka ga farashin ruwa ke nan, shi aka cire daga naka filin.

Mun yi waya ta fi sau biyar a kan maganar nan, wata har da ɗaga murya. A ƙarshe ga abin da muka tsayar. Ba zai tura ko dala ɗaya ba tukuna. Zai ɗauki hutun mako guda a watan Janairu, lokacin da sanyi ya fi tsanani, ya tafi tare da matarsa, don ita ce za ta zauna a wurin fiye da shi. Za su kama ɗaki a Alamosa, ya je ofishin hukumar ruwa ta jiha da ke garin da lambar filin a hannunsa, ya tambayi irin rijiyar da za a yarda masa. Ya je San Luis ofishin gunduma ya ji sharuɗɗan zama da gini. Ya nemi mai haƙa rijiya ya ji zurfin da ake samun ruwa a wannan shiyya da abin da zai ci. Sannan ya tuƙa mota har cikin filin, ya tsaya awa guda a waje cikin iskar nan, ya ƙwanƙwasa ƙofar duk wanda ya samu kusa, ya tambaye shi su wa suka zauna a nan kafin shi, kuma me ya tashe su.

Shekaranjiya ya sake kira, wai dillalin ya turo masa saƙo cewa akwai wani mai so, in bai biya kafin Juma'a ba fili zai tafi. Na tuna da nawa dillalin da Alhajinsa. Na ce masa, "Ɗana, filin da ya yi shekara hamsin yana jiran mai saye, zai jira ka zuwa Janairu, in ma ya tafi akwai dubbai a gefensa." Ya yi dariya ya ce shi ke nan Kawu. Yaya kuwa har yanzu hankalinta bai kwanta ba, ta ce ita in dai awaki yake so, ya turo kuɗin a saya masa a kasuwar Wudil, ita za ta kiwata masa a bayan gida.